Kafin Ka Sayi Injin Yankan Itace, Tsaya Ka Karanta Wannan



Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhajoji, mu taɓa wani inji da ke yin tashe duk lokacin da damina ta kama, iska ta fara kayar da bishiyoyi a kan katanga da wayoyin lantarki. Ina nufin injin yankan itace mai sarƙa, wanda za ka ji ƙararsa tun daga nesa a gona ko a bakin titi.

Bari in faɗa maka ra'ayina tun daga farko, sannan in kawo hujja. Idan aikinka na yau da gobe ne, wato sassabe a gona, rage rassan darbejiya, datsa itacen girki, ko kawar da bishiyar da ta faɗi, to injin da ya dace da kai shi ne matsakaici, mara nauyi, mai birki, wanda ake samun kayan gyaransa a garinku. Babban inji mai ruri kamar babur yana da nasa aikin, amma ba naka ba ne.

Ka tuna yadda muke sayen waya. Mutum zai shiga Farm Centre a Kano yana tambayar wadda ta fi yawan kyamara, bayan wata uku sai ka same shi da ƙaramar Itel ko Tecno a aljihu, da ita yake kira kullum. Me ya sa? Tana riƙe caji, idan ta faɗi ba ta mutuwa, idan gilashinta ya fashe kowane mai gyara yana da shi. To haka lamarin injin yankan itace yake. Bambancin kawai, idan ka yi kuskuren zaɓen waya kuɗi ka yi asara, amma wannan inji kuskurensa yana iya tafiya da yatsa ko ƙafa.

1. NAUYI: ABIN DA HANNUNKA ZAI IYA RIƘEWA HAR LA'ASAR

Mutanenmu da yawa, da an ce injin yanka, abin da ke zuwa musu a rai shi ne Stihl 070, babban injin nan da masu fasa katako ke shiga daji da shi. Ba shakka jarumin inji ne. Girman injinsa ya kai cc 106, kusan na babur ɗin acaɓa ke nan, kuma nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa dogon ƙarfensa da sarƙa ba, ba a kuma zuba mai ba. An yi shi ne don manyan gungume irin na maɗaci.

Yanzu ka ɗauko Stihl MS 250, mai cc 45. Bai kai kilo 5 ba. Ƙaninsa MS 180, mai cc 32, wajen kilo 4 ne. A shago, bambancin kilo 5 ko 6 ba zai dame ka ba, don minti ɗaya za ka ɗaga ka ajiye. Amma ka riƙe shi awa uku a cikin zafin watan Afrilu, kana sunkuyawa kana miƙewa, a nan za ka san bambancin. Kuma haɗarin wannan inji yana ƙaruwa ne lokacin da mutum ya gaji, hannu ya yi sanyi, ya fara yanka a karkace don ya gama da wuri.

Don haka ga mai aikin gona da gida, ina ba da shawarar inji tsakanin cc 35 zuwa 50, da dogon ƙarfe mai inci 14 zuwa 18. Kar tsawon ya raina maka. Ƙarfe mai inci 16 zai datsa gungumen da kaurinsa ya kusa ninka tsawonsa, idan ka yanko ta wannan gefe ka koma ta wancan. Kuma duk lokacin da ka ƙara tsawon ƙarfe, ka ƙara wa injin wahala, ka ƙara haƙoran da za ka wasa, ka ƙara kuɗin sarƙa. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

2. TASHI: JA BIYU KO UKU YA KAMA

Injin da za ka yi ta jan igiyarsa sau talatin kafin ya tashi, wallahi ba zai taɓa zama na kullum ba. Za ka wayi gari ka ɗauki gatari ka bar shi a ɗaki.

Inji mai lafiya, idan yana da sanyi, ka ɗaura birki, ka ajiye shi a ƙasa, ka taka hannun baya da ƙafarka, ka rufe cok, ka ja igiya har sai ya yi tari sau ɗaya. Sai ka buɗe cok ɗin ka sake ja, ya kama. Idan da ɗuminsa ne, ja ɗaya ko biyu ya isa. Wasu injinan suna da 'yar roba mai taushi da ake dannawa don ta jawo mai zuwa kafireto, manyan kuma suna da maɓallin rage matsin iska don igiya ta yi laushi. Duk waɗannan suna sauƙaƙa aiki.

Ga wata dabara idan na hannu za ka saya. Ka je da safe, ka fara taɓa jikin injin. Idan ka ji da ɗumi, mai shi ya riga ya tashe shi kafin ka zo, don kar ka ga yadda yake wahalar tashi. Ka ce sai ya huce. Sannan ka kama hannun igiyar ka ɗaga injin da shi: idan ya zube ƙasa da sauri, fistin ko zobensa sun gaji. Mai lafiya yana sauka ne a hankali, yana tirjewa.

Kuma don Allah a daina tashin inji a tsaye, a riƙe da hannu ɗaya a wurga shi ƙasa a ja igiya. Na san gwanaye suna yi don burgewa. Sarƙar tana iya juyowa ta sami cinya kafin ka ƙifta ido.

3. BIRKI: IDAN BABU, KA BAR MUSU KAYANSU

Wannan shi ne abin da ba na sassauci a kansa. Sarƙar injin nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan saman bakin ƙarfen, wato can ƙarshensa inda yake lanƙwashe, ya taɓa reshe ko ƙusa ko dutse, injin yana zabura ya yo sama da baya, kai tsaye zuwa fuska ko kafaɗa. Abin yana faruwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Babu wani ƙarfin hannu ko ƙwarewa da zai riga shi.

Shi ya sa aka yi birkin sarƙa. Shi ne wannan robar da ke tsaye a gaban hannun hagu. Idan injin ya zabura, wuyan hannunka zai buge ta, ko kuma ƙarfin zaburar da kanta ya tura ta, sarƙa ta tsaya cak. Kafin ka biya kuɗi, ka sa a tashi injin, a ba shi wuta, ka tura robar gaba da bayan hannunka. Idan sarƙa ba ta tsaya nan take ba, birkin ado ne kawai.

Abin takaici, wasu masu aiki da kansu suke cire birkin, wai yana takura musu. Daidai yake da direban da ya cire birkin mota don yana ɓata masa lokaci a hanyar Kaduna.

Bayan birki, ka duba abu uku. Akwai ɗan ƙarfe ko roba a ƙarƙashin injin da ke cafke sarƙa idan ta tsinke. Akwai makullin wuta a hannun baya, wanda ke hana injin ɗaukar wuta sai ka riƙe shi da kyau. Akwai kuma robobi ko sifirin da ke raba hannun injin da jikinsa don rage girgiza. Kar ka raina girgizar nan. Mutanen da suka shekara da shekaru suna riƙe inji mai girgiza suna samun ciwon da yatsu ke yin fari, su mutu, har maɓallin riga ya gagare su.

4. KAYAN GYARA: AKWAI SU A GARINKU?

Injin yankan itace yana cin kaya. Sarƙa tana ƙarewa, fulogi yana mutuwa, igiya tana tsinkewa, robar kafireto tana bushewa, haƙoran da ke jan sarƙa suna cinyewa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aikin yake, kamar tayar mota.

Saboda haka kafin ka tambayi mai sayarwa, fara tambayar bakanike. Ka je wurin masu gyaran janareto da injin ban ruwa na unguwarku, ka ce wane inji suke iya buɗewa su mayar, wanne ne kuma ake samun kayansa ba sai an aika Legas ko Onitsha ba. Idan a Kano kake, ka zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, ka kuma ji ta bakin 'yan katako na Na'ibawa. Idan a Kaduna ne, ka leƙa Panteka. Amsar da za su ba ka ta fi duk abin da ke rubuce a jikin kwali.

Sunayen da suka daɗe a wannan harka sanannu ne. Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a Jamus a 1926. Dolmar, shi ma na Jamus, ya fito da injinsa mai amfani da fetur a 1927, daga baya kamfanin Makita na Japan ya saye shi a 1991. Husqvarna na ƙasar Suwidin da ƙera bindigogi ya faro tun 1689, sai a 1959 ya shiga harkar injin yanka. Daɗewar nan ce ta sa kayansu suka bazu ko'ina.

To amma sunan da ya yi tashe shi ake yi wa jabu. Kasuwa cike take da injina masu launin Stihl da sunan Stihl, alhali ba su taɓa ganin masana'antarsa ba. Na gaskiya yana da lambarsa a buge a jikin ƙarfen injin, rubutunsa yana da tsabta, robarsa tana da kauri, kuma yana zuwa da littafinsa. Idan farashi ya yi araha fiye da hankali, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Game da injinan China masu lamba 5200 da 5800, ba zan ce kar ka saya ba. Kowa da ƙarfin aljihunsa, kuma kayansu suna samuwa da araha. Idan sau biyu ko uku a wata za ka yi aiki, za su yi maka. Amma ka saye shi da sunansa na ɗan China, a kuɗin ɗan China. Abin da ba na so shi ne a sayar maka da shi a rigar wani.

5. MAI: A NAN AKA FI KASHE INJI

Injin yankan itace irin ƙaramin janareton Tiger ne, ba shi da wurin baƙin mai daban. Man da ke shafe fistin a cikin fetur ake haɗa shi. Ranar da ka zuba masa zallar fetur, cikin 'yan mintuna fistin zai kame, shi ke nan.

Stihl da Husqvarna suna cewa a haɗa kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T mai kyau. A sauƙaƙe, mililita 20 a lita ɗaya, ko mililita 100 a lita 5. Injinan China da yawa suna neman kashi 25 da 1, wato mililita 40 a lita ɗaya. Ka duba littafin injinka, kuma ka nemi sirinji ko ɗan kofin awo na maganin yara ka ajiye don wannan aiki. A daina awo da ido. Idan mai ya yi kaɗan fistin ya ƙone, idan ya yi yawa fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe.

Man mota ba ya maye gurbin man 2T. Kuma haɗin da ya wuce wata ɗaya a jarka ya fara lalacewa, gara ka haɗa daidai na aikin mako. Idan za ka ajiye injin ya daɗe, ka juye man tankin, ka tashe shi ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa. Inji mai kyau yana tura man da kansa, kuma kusan tare yake ƙarewa da fetur, don haka duk lokacin da ka cika wannan ka cika wancan. Gwajinsa ba wuya: ka nuna bakin ƙarfen kan kwali ko sabon kututture ba tare da ya taɓa ba, ka ba shi wuta, za ka ga layin mai ya fantsama. Na san da yawa suna zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota don yana da arha. Yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cinye famfon man da sarƙar, kuma duk abin da ya fantsama a gonarka yake zama.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shan mai ya zama abin lissafi. Wannan ma wata hujja ce ta matsakaicin inji. Ba dalili ka ƙona man inji mai cc 106 don yanke reshen da bai fi cinyarka kauri ba.

6. SARƘA DA MATACIN ISKA: SAUƘIN KULAWA

Yawancin masu cewa injinsu ba shi da ƙarfi, sarƙarsu ce ta dakushe. Ka kalli abin da ke fita daga yankan. Sarƙa mai kaifi tana watso ɓarɓashi manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itacen. Idan ka ga gari mai laushi kamar na tuwo, kana danna injin da ƙarfi, yana hayaƙi, to tsaya ka wasa.

Irin haƙorin sarƙar da ake amfani da shi yau, wani ma'aikacin daji ne a Amurka mai suna Joseph Cox ya ƙirƙiro shi a shekarun 1940, bayan ya zauna ya lura da yadda tsutsar ƙwaro ke cin itace da haƙoranta masu lanƙwasa. Daga nan kamfanin sarƙa na Oregon ya samo asali. Ka ga ikon Allah, tsutsa ce malamar.

Wasawa da zagayayyen magagari ake yi, kuma kowace sarƙa da girman nata: milimita 4 ga ƙananan sarƙoƙi, 4.8 ga matsakaita, 5.2 ko 5.5 ga manya. Ana karkata shi kusan digiri 30, a tura gaba kawai, kowane haƙori a yi masa adadi ɗaya. Itatuwanmu irin su ƙirya da marke da tsamiya suna da tauri, ga yashi a ɓawonsu, don haka mu mun fi buƙatar wasawa akai-akai. Kuma kar ka bari sarƙa ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya.

Sai ƙurar hunturu. Injin da sai ka kwance noti huɗu kafin ka kai ga matacin iskarsa, ba za ka riƙa share shi ba, ni ma ba zan yi ba. Ka zaɓi wanda murfinsa ke buɗewa da hannu. Haka wurin ɗaure sarƙa, wanda ke gefe ya fi wanda ke gaba kusa da haƙora sauƙi.

7. MAI BATIR FA?

Na san za a tambaya. Makita da Stihl da Husqvarna da DeWalt duk suna yin masu batir yanzu. Babu haɗa mai, babu jan igiya, babu hayaƙi, ƙararsa kaɗan ce. Idan kana da sola a gida, kuma aikinka bai wuce lambu da rassan mangwaro ba, ni shi zan zaɓar maka. Amma idan gonarka tana da nisa da wuta, ko wuni za ka yi kana yanka, mai fetur ya fi maka. Ka kuma tambayi kuɗin batir na biyu kafin ka saya, don a nan tsadar take, kuma zafi yana rage masa kwana kamar na waya.

Su kuma 'yan ƙananan nan masu inci 4 ko 6 da ake tallarsu a TikTok da Facebook, na yankan ƙananan rassa ne. Ƙanƙantarsu ba ta hana su yanke yatsa. A ɓoye su daga yara.

ABIN DA MASU BABBAN INJI ZA SU CE

Za su ce babba yana yin aikin ƙarami, ƙarami ba ya yin aikin babba, don haka gara ka sayi babba sau ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. Idan sana'arka fasa katako ce, ko kana kayar da manyan bishiyoyi kullum, inji irin 070 ko Husqvarna 372 XP mai cc 70 shi ne naka, ƙarami zai mutu a hannunka cikin wata.

Amma kai da babbar bishiya ke faɗo maka sau ɗaya a shekara, ranar ka kira mai babban inji ka biya shi. Ya fi maka arha, kuma shi ya san inda bishiya za ta faɗi. Kayar da babbar bishiya kusa da gida ko wayar lantarki ba aikin ɗan koyo ba ne, ko da wane irin inji ne a hannunsa.

Kuma cikin kuɗin da ka ware, ka cire na kariya. Ƙarar injin fetur tana haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan aka daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka nemi abin toshe kunne, tabarau, safar hannu, hular kwano da takalmi mai rufi. Silifas da babbar riga ba kayan wannan aiki ba ne. Kar ka yi yanka sama da kafaɗarka, kar ka yi a kan tsani, kar ka yi kai kaɗai a daji.

MAGANA TA ƘARSHE

Bishiyar da ta shekara hamsin tana girma, wannan inji yana kayar da ita kafin shayi ya huce. Mun ga abin da aka yi wa madobiya a Taraba da maƙwabtanta, aka yi ta lodinta zuwa China har sai da aka sa ta cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a duniya. A Ghana tun 1998 doka ta hana fasa katakon sayarwa da irin wannan inji. A wurare da yawa a Najeriya da Nijar, sai da izinin jami'an gandun daji ake sare bishiya, ka tambaya kafin ka tashi injin.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna mana wata hanyar. Sun riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna rage rassa maimakon tumɓukewa, har miliyoyin bishiyoyi suka dawo, ga itacen girki, ga abincin dabbobi. Irin wannan aiki, na rage reshe da datsa busasshe, shi ne ainihin aikin matsakaicin inji.

Idan kana da inji a gida, gobe da safe kafin komai ka gwada birkinsa. Idan kuma kana da ɗan uwa mai wannan sana'a, tura masa wannan rubutu. Masu aiki da shi kullum, ku faɗa mana wanne ne ya fi daɗewa a hannunku, mu ma mu ƙaru.

Allah Ya tsare mu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.